Shafi Na Tamanin Da Bakwai

Littafin ya iso gare ni cikin jakar ƙanina,
daga Samaru ya aro shi, bangon har ya naɗe.
Ya ajiye kan teburina a ɗakin awo,
tsakanin sikelin jarirai da kwalbar auduga,
ya ce, Yaya Hansatu, kin san mai fuskar nan?
Na duba. Ban ce ban sani ba.

Ni ce, ina shekara tara,
da ɗankwalin Gwaggo da na ara ranar,
ƙafa babu takalmi.
Takalman suna nan a bayan mai hoto,
ita ta ce in tuɓe, wai zai fi kyau haka.
Wannan ba a rubuta ba.

A shafi na tamanin da bakwai sunana ya koma wani,
wai uba ya hana ni riƙe fensir,
wai na bi motarta da kuka har Ƙofar Doka.
Ubana tela ne a Tudun Wada, Malam Iro,
da allin yanka ya koya mini baƙi
a bayan ƙyauren shago.
Ya rasu bara waccan da damina,
bai ji abin da aka ce ya yi ba.

Makarantu goma sha biyu, in ji littafi.
'Yan jarida suka zo da mota suna ƙirgawa,
suka sami uku: ta Jushi, ta Gyallesu,
da ta hanyar Wusasa da ake jibge masara.
Sauran taran suna cikin takarda,
ruwa ba ya dukansu, gara ba ta cinsu,
ba su taɓa neman alli ba.

Yanzu can ƙasarsu ana ta cacar baki.
Masu bayarwa sun ce an yi musu sakiyar da babu ruwa,
masu sonta sun ce hassada ce,
wa ya haƙa rijiya bai ƙara mata gaba biyu a baki ba?
Nan ma haka, wurin mai shayin bakin Kongo,
wani ya ce ɓarauniya, wani ya ce baiwar Allah,
duk cikinsu ba wanda ya karanta,
mu kuma da aka rubuta, ba a tambaye mu ba.

Ni dai ga abin da na sani.
Kwanon da ta sa wa ajinmu bai taɓa yoyo ba.
Kuɗin jarrabawata ita ta biya,
rasit na nan cikin akwatin Inna.
Ta kwana zaune kan benci daren masassarar Kubra,
tana jiƙa tsumma, tana matsewa,
wannan kuwa, abin mamaki, ba ta sa a littafi ba.

Malama Tasalla fa?
Shekara goma sha tara a gaban allo,
albashi ya zo ko kada ya zo.
Layi ɗaya aka ba ta:
wata mata mai fara'a ta kawo mana zoɓo.
Na fassara mata, ta yi dariya har da share ido,
ta ce, kunun aya ne, 'yar nan,
ko wannan ba ta riƙe ba.

Tun fitar labarin famfon kuɗi ya ƙafe.
Yara mata arba'in da uku a Jushi,
ranar Litinin ake komawa.
Malama na bi gida gida da littafin lissafi,
na ba da abin da albashi ya bari.
Ta rubuta Hansatu Iro, ta rubuta adadin,
ba ta ƙara ko sisi ba.

Da safen nan aka miƙo mini jaririya,
na ɗora ta, allurar sikeli ta yi rawa ta tsaya.
Kilo uku da ɗigo biyu.
Uwar ta ce, ki ɗan ƙara mata mana, tana dariya.
Na rubuta yadda na gani a katinta,
ban ƙara ba, ban rage ba.